Ƙafafun da Kyamara Ta Yanke

Mosko, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Kawu Rodiyon,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya sanyi, yaya kunne, yaya gwiwar Inna Raisa? Ina fata takardar nan ta same ku ƙalau. Da gangan na aiko ta ta gidan abokinka Timofe, don na san duk takardar da ta shigo gidanmu Inna ce ke fara buɗewa. Waya kuwa ba ta da amfani tsakanina da kai, ina ihu kana "me kika ce?" har Inna ta zo ta karɓe.

Kawu, na daina rawa. Tun watan Maris. Muna cikin gwaji jijiyar diddigena na dama ta tsinke. An yi mini aiki, na yi wata biyu a kwance, yanzu ina tafiya ba sanda. Likita ya ce ko gudu nake so zan yi, amma tsayawa a kan tsinin yatsu, wannan an gama. Shekara tara na yi a cikin 'yan sahu, mu da muke jeruwa a bayan tauraruwa, ga inda abin ya tsaya.

Ba su sallame ni ba. Ka san yanzu ana haska wasanninmu na bale, wato rawar nan tamu ta kan tsinin yatsu, kai tsaye a gidajen silima. Akwai wata babbar mota da ake ajiyewa a bayan gidan rawa, cike da allunan kallo. A ciki darakta yake zama yana zaɓen hoton da zai tafi wa jama'a daga kyamarori bakwai. Shi ya san kyamara, bai san rawa ba. Ni kuwa na san kowane taku. To ni ce nake rubuta masa littafin aikin: nan a nuna daga nesa, nan a matso, nan za ta yi tsalle daga hagu. Ranar wasa ina gefensa ina ƙirga masa kiɗa. Aiki ne mai kyau, na kuma gode da shi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Na ga jerin garuruwan da za a haska wasan 24 ga Nuwamba, da garinmu Kungur a ciki. Inna za ta ji, za ta je, za ta kuma neme ni a sahu. Wata bakwai ina ce mata "aiki lafiya" a waya. Matar da ta ɗauke ni ina shekara tara da Mama ta rasu, ta kai ni makarantar rawa da hannunta, ta yi shekara talatin da ɗaya tana rataye wa mutane rigunan sanyi a gidan rawa na birnin Perm kafin ta yi ritaya ta dawo gida. Ba ta taɓa cewa sai na zama tauraruwa ba. Cewa ta yi in ta gan ni sau ɗaya a babban dandamali ya ishe ta, kullum kuma gwiwa na hana ta zuwa. Da wane baki zan ce mata ta makara?

In an gama wasa ana jera sunayen ma'aikata a allo, nawa yana ƙarƙashin na darakta. Don Allah ka fitar da ita kafin nan. Ka ba ni zuwa sabuwar shekara, ni da kaina zan faɗa mata.

'Yarka,
Taisiya


Kungur, 2 ga Nuwamba

Taya,

Muna lafiya. Ƙanƙara ta sauko tun ranar Talata, Allah ya so mun riga mun kwashe dankali. Gwiwar Innarki tana nan yadda kika san ta, bakinta ma haka.

A kan benci a gidan Timofe na karanta takardarki, har ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Sannu, 'yata. Sannu da jiki. Wata biyu a kwance a garin mutane ba wanda ya sani a gida, wannan bai yi mini daɗi ba, ba kuma zan ɓoye miki ba. Amma tunda kina takawa, mun gode Allah. Ni dama ban taɓa gane abin da zai sa mutum mai lafiyayyen tafin ƙafa ya ce sai a kan yatsa zai tsaya ba.

Ta riga ta ji. Zoya mai kantin magani ce ta ga sanarwar a bangon silima, ko rigar aiki ba ta cire ba ta taho. Yanzu gidanmu ya koma ofishin kamfe. Mata goma sha tara aka rubuta, duk tsofaffin 'yan kallon Perm da shekaru suka zaunar. An ciro koriyar rigar karammiskin nan an rataye a baranda tana shan iska. An ciro ɗan madubin hangen nesa da suka ba ta ranar ritaya, tana ta goge shi da gefen mayafi.

Na ce, "Yaya, silima ce fa. Hoto ne a bango."

Ta ce, "Kai da ka shekara arba'in kana kallon kwalta ta gilashin bas, kai ne za ka koya mini kallo?"



Zan yi abin da kika ce, amma ki sani ba da son raina ba. Ban iya ƙarya ba. Ke kin iya, ga shi wata bakwai kina yi ba a kama ki ba. Ni tun ina yaro in na ɓoye abu, kunnena kawai Yaya Raisa take kalla ta gane. Sabuwar shekara kika ce. Na riƙe.

Kawunki,
Rodiyon


Kungur, 26 ga Nuwamba

Taya,

Lafiya muke, sai dai ni kwana biyu ke nan ana ɗura mini ruwan shinkafa saboda ciwon cikin da ba ni da shi. Bari in faro miki daga farko.

Ƙarfe biyar aka ce, mu tun uku da rabi muna bakin ƙofa. Kowace da 'yar jakarta, suka jeru a zauren silima suna cire takalman ƙanƙara suna sa na fita kunya, yadda suka saba a Perm. Innarki ta duba hagu ta duba dama, ta tambayi matar da ke yaga tikiti ina ake ajiye riguna. Mata ta ce ai nan kowa da rigarsa yake shiga. Kin san fuskar nan tata. Kafin in ankara ta karɓe rigunan duka ta jera su a kujerun baya, ba ko lamba, ta kuma san ta kowa.

Aka kashe fitila. Sai ga labulen nan naku ya cika bango, ja da ruwan zinariya. Ana jin makaɗa suna gwada kayansu, har tarin wani mutum a Mosko sai da muka ji. Nonna, wadda ta ba tamanin baya, ta kama hannuna ta ce, "Rodiya, ashe zan gani." Ba a fara komai ba ta soma kuka. Wasu samari huɗu da suka shigo bisa kuskure suna ta ɓarzar gugguru, Zoya ta juya ta ce, "'Ya'yana, in yunwa ce ku biyo ni gida in dafa muku." Ba a sake jin haƙori ba.

Ni dai ba zan ce na gane labarin ba. 'Yar mai kwalekwale tana son wani, wani yana son ta, ba mai buɗe baki ya faɗa. Amma matan nan, Taya, da ma kin gan su. Bango suke yi wa tafi. In tauraruwa ta kama juyi su yi ta ƙirgawa da ƙarfi, in ta dire su yi ta mata kirari sai ka ce tana jin su. A hutun rabin lokaci aka leƙa da mu bayan labule, ga 'yan mata da safar ulu suna miƙa, ɗaya tana cin ayaba. Nonna ta ce shekara sittin tana kallon bale ba ta san suna cin abinci ba.

Innarki ce kaɗai ba ta yi tafi ba. Da 'yan sahu suka fito ta ɗaga madubinta. Ba abin da ya nuna mata sai ɗigo-ɗigo. Ta sauke, ta goge, ta sake ɗagawa. Can na ga ta karkata shi har ya wuce gefen allon, tana kallon siminti.

Na ce, "Yaya, bango kike kallo."

Ta ce, "Na sani. Nan take tsaye. Sahu na biyu, ta uku daga hagu. Su ne suka yanke ta."

Daga nan gunaguni ya tashi a layinmu, wai fuska kawai ake nunawa. Da zarar yarinya ta ɗaga ƙafa sai a kawo mana hancinta. Zoya ta ce, "Mu fa ba aurenta muka zo nema ba, a nuna mana ƙafa."

Saura nawa aikin. Ba ki faɗa mini yadda wasan yake ƙarewa ba. Da na ga yarinya ta shiga kwalekwale, kiɗa ya yi sanyi, na ce shi ke nan an zo ƙarshe, na dafe ciki na fara nishi. Innarki ta kalle ni, ta kalli allo, ta sake kallona. Ta miƙa wa Zoya furanni bakwai da ta sayo dominki, ta ɗauko rigata ta sa mini, muka fito. Ashe da sauran kusan minti ashirin. Ashe kuma wahalar banza na sha, don Zoya ta ce labule na rufewa ma'aikacin silima ya katse hoton ya kunna fitilu, ba wanda ya ga suna ko ɗaya. Furannin a ƙarƙashin allo suka ajiye su.

Ga takardarta nan a ciki. A liƙe ta ba ni, ban san abin da ta rubuta ba.

Kawunki,
Rodiyon


Taya 'yata,

Lafiyata lau. Na ga dandamalinku. Na gode wa Allah da ya kai ni wannan rana, na gode wa duk wanda ya yi tunanin kawo mana shi har gida. Ban gan ki ba, amma ba laifinki ba ne. Wanda ya tsara kyamarorin nan, ko dai bai taɓa kallon rawa ba, ko kuwa tsoron ƙafa yake ji. 'Yan mata ashirin da huɗu sun yi shekara goma-goma suna koyon tsayuwa, shi ya zo ya yanke su a gwiwa. In kin san shi ki faɗa masa wata tsohuwa a Kungur ta ce bai cancanci kujerar da yake kai ba. Ki riƙa cin abinci.

Innarki


Kungur, 14 ga Janairu

Taya,

Barka da sabuwar shekara, ko da yake ta fara tsufa. Muna nan lafiya. Bututun ruwa ya daskare sau biyu, na narkar da shi sau biyu.

Sati bakwai ke nan ba takarda. Kullum sai na bi ta gidan Timofe, har matarsa ta koma zuba shayi da zarar ta hango hulata. Ranar sabuwar shekara kin bugo wa Innarki minti biyu kin ce kina sauri. Na zauna na yi ta laluben abin da na yi miki, sai na tuna na rubuta cewa kin iya ƙarya. In wannan ce, ki yafe wa tsoho. Wasa nake yi, a takarda ne ba ya nuna.

Innarki kuma tata fassarar daban. Wai fushi kike yi don ba ta gane ki ba. Jiya tana feraye dankali ta ce, "Wace irin uwa ce za a nuna mata 'yarta a bango guda ta kasa gane ta?" Na ce ai yanke ki aka yi, ita ta faɗa da bakinta. Ta ce ko gwiwar hannunki ce ta leƙo ya kamata ta sani. Abinci ma ta rage ci.

Ga babbar maganar. Sun rubuta takardar koke zuwa ga shugaban gidan rawarku. Shafi biyu, rubutun Zoya, su goma sha tara duk sun sa hannu. Shafin farko godiya ce zalla. Na biyu kuwa roƙo suke a cire wanda ya tsara kyamarori a sa wanda ya san rawa. Ni aka ba in kai gidan waya. Yau kwananta goma sha biyu a aljihun rigata. Na ce ana hutu, hutu ya ƙare. Na ce layi ya yi tsawo. Yanzu 'yar Zoya ta ce a kawo ta tura ta kwamfuta, minti ɗaya ta isa.

Ke kika ce sabuwar shekara. Ban san ko takardar tsofaffi tana iya raba mutum da aikinsa a Mosko ba, amma ba na so a gwada da naki. Kuma ba zan ci gaba da kallon yayata tana tuhumar kanta a kan abin da ba ta yi ba. In ban ji daga gare ki ba zuwa ƙarshen wata, ni zan faɗa mata.

Kawunki,
Rodiyon


Mosko, 25 ga Janairu

Kawu,

Ina gaisuwa. Ba maganarka ba ce, ai gaskiya ka faɗa. Takardar Inna ce na kasa amsawa. Ka ba ta wannan ta cikin hannu da hannu, ka kuma zauna kusa da ita. Na gode da ciwon cikin.

Taya


Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Ba ki gan ni a sahu ba don ba na ciki. Idonki lafiyarsa ƙalau. A watan Maris jijiyar diddigena ta tsinke, aka yi mini aiki, na warke, amma rawa ta ƙare. "Aiki lafiya" ɗin nan da na yi ta ce miki, daga gadon asibiti na fara faɗar ta. Kawu bai sani ba sai Oktoba, ni na roƙe shi ya yi shiru, kada ki ga laifinsa.

Mutumin da kika ce bai cancanci kujerarsa ba, ni ce. Aikina ke nan yanzu, ni nake rubuta inda kowace kyamara za ta kalla. Da ma in iya cewa darakta ne ya tilasta ni. Shi sau uku yana tambayata, "Nan ba za mu ja baya a ga sahun duka ba?" ina ce masa a'a, mutanen silima fuska suke so. Har ni na yarda da abin da nake faɗa. Sai da takardarki ta zo na karanta inda kika ce tsoron ƙafa yake ji. Na ɗauko littafin aikin na bi shi shafi-shafi. Duk inda na taɓa tsayawa da ƙafata, nan na kawar da kyamara. Wurina a sahu na biyu, wata yarinya ce 'yar shekara sha tara a ciki yanzu, ta kuma fi ni iya tsayuwa. Ko sau ɗaya ban bari an gan ta ba. Daga nisan kwana guda a jirgin ƙasa kika gano abin da ni da nake cikin motar ban gano ba.

Wata biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Kunya ce, Inna, ba fushi ba. Abu ɗaya kika taɓa roƙona a duniya, ban yi miki ba, ga shi kuma ba zan ƙara iyawa ba. Na bar ki kina cewa baɗi, baɗi. Da na sani da na zo na ɗauke ki ko a goye ne.

Akwai wani wasan ranar 16 ga Maris. Na ajiye tsohon tsarina na sake sabo. Takardar kokenku tana wurin Kawu, bai aika ba. In kun aika ba zan ce kun zalunce ni ba. In kuma ba ki son zuwa kallo, na fahimta.

'Yarki,
Taisiya


Kungur, 20 ga Fabrairu

Taya,

Muna lafiya, in wannan ma ana kiransa lafiya.

Na ba ta. Ba ta zauna ba, a tsaye bakin taga ta karanta, sau biyu. Ta ninke ta ce, "Wace ƙafa?" Na ce dama. Ta ce, "Ciwon cikin nan fa?" Na ce lafiyata lau. Ta miƙo hannu, na ciro takardar koken na ba ta. Ba ta yaga ba, ba ta kuma aika ba. Tana cikin durowa a ƙarƙashin cokula.

Tun ranar ba ta yi mini magana ba, yau sati uku. Ta dafa, ta dire mini kwano, ta koma ɗaki. Matan ba su san komai ba. Zoya ta zo tambayar amsar Mosko, ta ce mata a jira. In kin bugo waya tana zaune tana kallon ta har ta katse. Kada ki ce na ce ta ƙi ki, ban ce ba. Ni dai ban taɓa ganin ta haka ba, ko lokacin rasuwar mamanki ta yi magana.

An manna sanarwar wasan Maris a bangon silima. Rigar karammiski tana cikin akwati, ban ga alamar za ta fito ba. Ke dai ki yi aikinki yadda ya kamata, ko da ba kowa a kujerarta. Ni zan je. Ashe ni ma ina son sanin yadda abubuwan nan suke ƙarewa.

Kawunki,
Rodiyon


Kungur, 18 ga Maris

Taisiya,

Ina lafiya. Gwiwa tana nan. Kawunki ma lafiya, shekaranjiya na fara yi masa magana, har ya fara ba ni haushi.

Na je. Sai da na ji Rodiya yana neman hularsa sannan na tashi, ko guga ban yi wa rigar ba. Mu ashirin da shida ne wannan karon, har da biyu daga cikin samarin gugguru, hannunsu ba komai.

Ban je don in yafe ba, aiki na je gani. Da 'yan sahu suka fara fitowa na zauna jiran a kawo mini hanci. Sai kyamara ta ja baya ta tsaya cak. Su ashirin da huɗu, daga kai har yatsa, ba ta motsa ba sai da ta ƙarshe ta kama wurinta. Ana jin takalmansu a kan katako. Sannan kika sauko ƙasa kika bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, har kika zo kan ta uku a sahu na biyu, kika ɗan daɗe. Na san wannan bai zo miki da sauƙi ba. Yarinyar ta iya, gaskiya kika faɗa. Nonna ta ce, "Kun gani, sun ji tsoron takardarmu." Na ƙyale ta.

Yanzu zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Mai ajiye riguna ba ta leƙa wasa sai ta gama karɓar na 'yan makara, dole kuma ta koma teburinta kafin kashi na ƙarshe ya yi nisa, saboda masu gudun kada bas ya wuce su. Ranar hutuna Litinin ce, ranar da ba a wasa. Shekara talatin da ɗaya tsakiya kawai nake gani, ta ƙofar sama, a tsaye. Ƙarshe kuwa ta bango nake jin sa, ina rungume da rigar wani. In mata suna hirar yadda aka mutu ko aka yi aure, gyaɗa kai nake yi. Dukanku kun ɗauka na haddace bale, rabinsa na sani. A Nuwamba na ce yau dai zan gani, wawan Kawunki ya dafe ciki. Ranar Lahadin nan, ina da shekara saba'in da uku, na zauna a kujera na ga wasa daga ɗaga labule har saukarsa. Ke kika nuna mini. Na gode, 'yata.

Da labule ya rufe na sa Rodiya ya tare ƙofar ma'aikacin nan, na ce in ya taɓa fitila zai gamu da ni. Sunaye suka fara hawa. Na miƙe na nuna da sandata na karanta naki da ƙarfi, sannan na faɗa musu komai, har da takardar da ke ƙarƙashin cokula. Zoya ta dafe ƙirji ta ce, "Ashe 'yarmu muka so a kora." Nonna ce ta fara tafi. Ban taɓa ganin an yi wa rubutu tafi ba, sai da suka yi har allo ya yi baƙi. Sun ce in gaya miki sun gode ƙwarai, kuma a kashi na biyu kin yanke hannun saurayin sau ɗaya, ki kiyaye.

Batun ba ki cika mini burina ba, ki bar shi. Ni na faɗa, ni na janye. Abin da ya rufe mini baki sati shida daban ne. An yanka ƙafarki, kin yi wata biyu a kwance, wani ne ya kai miki miya, wani ya riƙe ki kika koyi taku, ni ina nan ina gaya wa mutane 'yata tana rawa a Mosko. Shekara takwas ina jiƙa ƙafar nan a ruwan gishiri ina naɗe mata yatsu, ranar da ta fi bukatata aka ɓoye mini ita. Wannan ne ban gama yafewa ba, kuma ba a takarda zan yafe shi ba.

In an ba ku hutu ki hau jirgi ki zo. Ban ce ki yi mini rawa da ita ba. Ki tako da ita har ƙofata, ki zauna, ki cire safa in gani.

Innarki,
Raisa